Dubu Ɗari da Uku

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya aiki, ya zaman daji? Ina fatan ciwon bayan nan ya sake ka, kuma kana shafa maganin da na sa maka a aljihun jaka, ba ka bar abokan aiki sun ƙarar maka da shi ba kamar wancan karon. Mu nan lafiya lau. Yara suna gaishe ka, ƙaramar ta ce lallai in faɗa maka haƙorinta ya fita. Direban da ke kai muku kayan abinci ya ce har yanzu waya ba ta kamawa a wurin haƙar taku, shi ya sa na zauna na rubuta, don abin da ke cina ba zai jira dawowarka ba.

Maganar Auta ce, ƙanenka.

Ka san asalin shirin nan nasa na talabijin, amma bari in tuna maka, don na lura a gidanku mantuwa ta yi yawa. Lokacin da babbar 'yarmu ke kuka duk ranar da ake da lissafi, ni na fara ba ta labarin lambobi kamar mutane, kowace da halinta. Na ce mata akwai lamba mai taurin kai, wadda ba abin da ke raba ta daidai sai ɗaya da ita kanta, na sa mata suna gagara-raba. Akwai cikakkiya, wadda in ka tara duk ƙananan lambobin da ke raba ta sai su ba ka ita cif. Akwai mawadaciya mai rara, akwai wadda kullum cikin gibi take. Auta yana miƙe a doguwar kujerar falonmu yana sakace, lokacin aikinsa a gidan talabijin bai wuce karanta sanarwar cigiya ba. Ya tashi zaune ya ce matar Yaya, ai wannan shiri ne guda. Na ce to, Allah ya sa albarka.

Tun daga ranar, ni ce shirin. In na dawo daga makaranta na gama duba littattafan ɗalibai, sai in ture su gefe a kan teburin cin abinci, in zaɓi lambar mako, in bi ta ciki da waje, sannan in ɗauki waya in yi masa bayani da murya, tunda ƙanen naka karatu wahala yake ba shi. Shi kuma ya saurara a mota, ya haddace, ya ɗaura agogo, ya fesa turare, ya tsaya gaban allo. Ranar da ya yi 33,550,336, ya ce wa duniya cikakkiya ce, ni na kashe hutun ƙarshen mako ina jera masu raba ta ina tarawa don kada a ji kunya. Daga wannan shirin ne mutane suka fara kiransa Farfesan Lamba, mutumin da kai da bakinka ka ce min sau biyu lissafi yana kayar da shi a jarrabawar fita sakandare.

Wallahi ban taɓa damuwa ba, ina cewa na gida ne. Sai ranar nan ina yankan albasa na ji ana sanarwa a talabijin, wai ƙungiyar malaman lissafi za ta karrama shi kai tsaye a cikin shirin, shi wanda ya ƙirƙiro shi, yake rubutawa, yake gabatarwa. Haka suka jera, uku ringis. Ƙungiyar da ni ma 'yar cikinta ce. Ke nan zan zauna cikin abokan aikina in tafa wa aikina a hannun wani.

Na sami Auta a ɗakin Hajiya, mahaifiyarku, na yi masa magana a hankali. Na ce suna kawai nake so, ko a can ƙarshe inda ake rubuta masu riƙe fitila. Sai ya mayar da abin wasan ƙanen miji. Wai jama'a ku zo ku ji, matar Yaya ta fara sha'awar shiga akwatin talabijin, in haka ne zai sa a riƙa nuna hannuna yana goge masa allo. Ƙannenka mata suka fashe da dariya. Hajiya ta ce in bar zancen, in Auta ya samu ai kowa ya samu. Na yi murmushi don ban da abin yi, na taho gida.

Ina roƙonka ka rubuto masa. Kai ne babba, maganarka yake ji. Ka ce ya faɗi sunana sau ɗaya, shi ke nan na yafe sauran.

Ka kula da kanka, ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

Matarka mai kewarka.

*

Maigida,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kana lafiya, kuma injin da ka ce ya tsaya muku ya tashi. Yara lafiya, Hajiya ma ƙafar ta yi sauƙi, na kai ta an duba.

Takardarka ta iso, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa. Shafi biyu, haƙuri ya fito a ciki ya fi a ƙirga. Auta yaro ne, Allah ya san mai yi, kada in tayar da ƙura kana nesa. Yaro mai gemu da mota! Ban ga inda ka ce za ka yi masa magana ba, na juya bayan takardar ma na duba. To na ji, na kuma gode. Tunda babba ya ƙi, ni zan yi, kuma ina faɗa maka ne don na san kafin direba ya kawo maka wannan an riga an gama.

Auta ya zo gidan nan da ledar lemo, kamar ba abin da ya faru. Wai matar Yaya ta kaina, ranar karramawa yana son lamba ƙatuwa, gagara-raba, wadda za ta sa malaman nan su san ba a banza ake ce masa Farfesa ba. Na ce an gama. Har ruwa na kawo masa da hannuna.

Bari in koya maka abu ɗaya, kai da kake cewa lissafinka ya ƙare a awon bututu. In na ce maka dubu ɗari da uku, me za ka rubuta? 103,000 za ka rubuta, kai da kowa, don haka bakinmu ya saba. Amma in ka ɗauki dubu ɗari cif ka ɗora mata uku kacal, 100,003, ita ma ai sunanta ke nan. Abin da ke raba su a baki kalma ɗaya ce. Mu malamai mukan ce dubu ɗari da guda uku, don kada ɗalibi ya ɓata. Duk tsawon shirin nan ban taɓa aika wa Auta lamba ban sa masa wannan guda ɗin ba, in kuma bi shi da lambar a rubuce, kamar mai ba jariri abinci a baki.

100,003 gagara-raba ce ta gaske. Ita ce ta farko a cikin masu gida shida. Maƙwabciyarta 100,001 tana kama da mai taurin kai, amma sha ɗaya na shigarta. Ita kuwa wannan, na zauna na gwada ta da gagara-raba sittin da biyar, tun daga biyu har ɗari uku da sha uku, kowace ta bar saura. Ba don ban sani ba, don dai in ji daɗin abin a hannuna. Ita kuma 103,000, baiwar Allah, kowa ya zo wucewa sai ya yanki rabonsa. Biyu na raba ta, biyar na raba ta, goma na raba ta, lambobi talatin da biyu ne ke shigarta ba saura. Ɗan aji uku na firamare ya ga sifiri a wutsiya ya san haka.

Abin da ya fi ba ni dariya, kamanninsu ɗaya. Kowace gida shida, kowace sifiri huɗu da ɗaya da uku, kowace in ka tara gidajenta huɗu za ka samu. Duk na faɗa masa wannan a saƙon, dalla-dalla, da muryar nan tawa ta malamai. Ban yi masa ƙarya ko ɗaya ba. Na ce dubu ɗari da uku, na haɗiye guda, ban kuma aika a rubuce ba.

Na bar masa ƙofa, kada ka ce ban bari ba. In ya kira ya ce matar Yaya, yaya ake rubuta ta, zan faɗa masa. In ya zauna ya kalli abin da ya rubuta na ɗan lokaci da idon mai tunani, zai gani da kansa. Mutumin da ya ƙirƙiro, yake rubutawa, yake gabatarwa, ai ba zai rasa wannan ba. Abin da ya aiko min shi ne hoton babban yatsa.

Na kai ɗinki, zan sa sabon kaya ranar. Kada ka ce shaiɗan ne, ni ce, da hankalina.

Ka gaida abokan aiki.

Matarka.

*

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, in ban da wayata da ta kusa narkewa don kira.

An yi. Da ma a ce kana nan ka gani.

Zauren ɗaukar shirin ya cika da malaman lissafi, an jera mu a kujerun roba, fitilu suna gasa mu. Ni ina layi na huɗu kusa da wata abokiyar aikina. Hajiya da ƙannenka suna gaba, an ba su kujeru masu laushi. Shugaban ƙungiya, wani dattijo mai sanyin hali da ya koyar da rabin mutanen wurin, yana riƙe da allon karramawa a cinya, an ce sai Farfesa ya gama lambar mako za a miƙa.

Auta ya fito yana sheƙi. Ya cire murfin alƙalami da haƙori, ya juya ga farin allo, ya rubuta ɗaya, sifiri, uku, sannan ya jera sifiri uku manya-manya kamar ƙwai a faranti, har da ja musu layi a ƙasa. Na gyara zama. Ya juyo ya ce jama'a ga gagara-raba, uwar masu taurin kai, biyu ta gwada ta kasa, biyar ta kasa, goma ma ta zo ta koma da kunya.

Da farko kowa na jiran ya ce wasa yake. Abokiyar aikina ta dafa min gwiwa. Can baya wani ya yi tari irin na ɓoye dariya. Dattijon nan, don ya cece shi, ya ce cikin ladabi ko Farfesa zai sake duba allon, wataƙila hannu ne ya zame. Ka san ƙanenka da baki. Ya ce Baba ai haka take ruɗin mutane, har manya. Nan fa zauren ya tashi da dariya. Dattijo ya miƙe a hankali, ya je ya sa babban yatsa ya goge sifirin ƙarshe, ya ce to ga ta an raba da goma, ya dawo ya zauna.

Ban yi dariya ba. Na zauna na naɗe hannu ina kallonsa, ina so idonsa ya zo kaina. Ya kuwa zo. Gumi na bin wuyan rigarsa, ya ɗaga hannu ya nuna ni, a gaban duk mai kallo a gida, ya ce wallahi ba laifinsa ba ne, shi ba ya rubuta komai, ga mai rubuta masa can, matar yayansa. Ya kira sunana cikakke, har da makarantar da nake koyarwa. Na'urar ɗaukar hoto ta juyo kaina, sannan aka yanke aka sa tallar sabulu.

Ka ga ikon Allah. Na roƙa a faɗi sunan nan a cikin masu riƙe fitila an hana ni, ran da abu ya ɓaci sai ga shi an faɗe shi da ƙarfi. Allon karramawa dai dattijo ya koma da shi gida a hammata.

Amma kada ka zaci na fita fes. Washegari na shiga aji na tarar an rubuta 103,000 a allo, an zana mata rawani. Wata uwa ta zo ofishin shugabar makaranta tana tambaya ko ni ce ke koyar da 'yarta. Ya ƙona min rai, ba zan ɓoye maka ba. Shekarun da na yi ina wannan aiki ba a taɓa kama ni da irin wannan ba, yanzu rabin gari na ganin ban san cika da mara ba.

Shi kuma gogan, don ya wanke kansa, ya ɗauki wayarsa ya kai wa manajan tashar, ya kunna masa saƙona. Manaja ya saurara, ya ja yatsa sama, ya ga saƙonni jere tun daga shirin farko, duk muryata. Ya aiko a kira ni. Ya ce mako mai zuwa mu fito tare da Auta mu gyara wa masu kallo.

Hajiya ta kira ni ɗakinta. Ba ta ɗaga murya ba, ka san ta. Ta ce in fita in ce bakina ne ya zame, ni mace ce a makaranta, kwana kaɗan za a manta, shi kuwa fuskarsa ce abincinsa. Na sunkuyar da kai na ce na ji. Ban ce zan yi ba.

Na san takardata ta baya ta isa hannunka yanzu. Ina jiran abin da za ka ce.

Matarka.

*

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Yara lafiya, suna tambaya yaushe za ka zo.

Na ga takardarka, wannan karon rabin shafi. Ba ka tambayi yadda na ji da aka zana min rawani a allo ba. Ka ce ka san da gangan na yi, kuma tunda ni na ɓata ni zan gyara, in ɗauki laifin a bainar jama'a don sunan gidanku kada ya zube. Na karanta layin nan ya fi sau nawa. Da na roƙe ka don nawa sunan, haƙuri ka aiko min. Da aka taɓa naku, umarni ya zo da gudu.

To ga yadda na gyara.

Mun tsaya gaban allo ni da Auta, ba 'yan kallo wannan karon, sai masu ɗauka da manaja a bayan gilashi. Na gaida masu kallo. Na rubuta 103,000 a hagu, 100,003 a dama. Na ce duka biyun a bakinmu dubu ɗari da uku ne, kuma abin da na faɗa a kan wadda nake nufi gaskiya ne daga farko har ƙarshe. Na koya musu kalmar guda, na ce kowane malami ya riƙe ta. Ban ce bakina ya zame ba, don bai zame ba.

Sannan na juya na miƙa wa Auta alƙalamin. Na ce Farfesa, ta dama ce gagara-raba, yanzu kowa ya sani. Nuna wa yara yadda za su tabbatar, daga ina za su fara gwaji, a ina za su tsaya. Ya karɓa. Ya kalli allo, ya kalle ni, ya yi 'yar dariyar nan tasa ta neman ceto, ya ce a hankali, matar Yaya. Na ce na'am, muna jinka. Na bar shirun ya yi tsawo. Ina ganin manaja ta gilashi yana juya hannu alamar in ci gaba, na yi kamar ban gani ba. Na ji daɗinsa, kuma ba zan ce maka ban ji ba. Sai da na ga daga gefe kunnuwansa sak naka, sannan na karɓa na ƙarasa darasin.

Bai jira an gama ba, ya cire abin maganar daga wuyan riga ya ajiye a kan tebur ya fita. Tun ranar bai taka gidan nan ba. Na je gaida Hajiya, ta amsa min da ka, ta ci gaba da jan carbinta. Ƙannenka sun cire ni daga zauren hirar gida na waya. Babbar 'yarmu ta tambaye ni ko Baffa ya yi fushi da mu ne, na ce da ni dai. Abin da ciwo, don mutanen nan na ɗauke su nawa, kuma har gobe in Hajiya ta kwanta ciwo ni zan kai ta asibiti. Amma in za a mayar da ni baya, sai na sake haɗiye kalmar nan.

Manaja ya ba ni shirin. Zan riƙa zuwa bayan an tashi daga makaranta, ƙanwata za ta riƙa zama da yara. Da muka gama magana, mai rubutun da ke fita a ƙasan hoto ya biyo ni da takarda, ya ce Malama yaya za a sa sunan. Ka san tun da muka yi aure, a makaranta da ko'ina, sunan gidanku nake jingina wa nawa, shi Auta ma da shi ya kira ni ranar. Na karɓi biron. Sai na rubuta sunana da na mahaifina.

Na ga gara ka ji daga gare ni kafin ka gani a akwati. Ka ce a tsare sunan gidanku, to na tsare shi, ba zai ƙara fita tare da ni ba, ko a kuskure ko a daidai.

Ina nan a ɗakina, ban je ko'ina ba. In ka tashi zuwa ka aiko direba ya faɗa min, in sa a gyara famfon banɗaki kafin ka iso.

Matarka har yanzu.